Ƙyauren Shagona Ba Inda Za Shi

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Sule baduku daga Yakasai.

Bara na ba wani tela hayar shagon ƙofar gidana. Da na nemi kafin alƙalami, wato kuɗin ajiya saboda ɓarna, ya ce ba shi da ko sisi, amma zai sa ƙyauren katako a madadinsa, don asabari ne kawai a ƙofar. A gaban limaminmu muka shirya, ba mu rubuta komai ba.

Jiya zai tashi, sai ga shi da kafinta, wai za su cire ƙyaure tunda shi ya saya. Kekensa ya farfasa mini daɓe, gawayin gugarsa ya baƙanta bango, duk bai gani ba! Na shimfiɗa buzuna a bakin ƙofa, na ce, "Malam, sai dai ka fara cire ni."

Maƙwabta suna ta cewa in yi haƙuri. Haƙurin me? Masu sauraro, wanda ya ɓata ɗaki ana mayar masa da kafin alƙalami?

Ina gaida liman, ya fito ya faɗi abin da ya ji. Wasiƙar nan ma a jingine da ƙyauren na rubuta ta.