Mutumin Ƙarfe da Tuwon Gayya

A tashar Makarfi, damunar bayan samun mulkin kai, wani manomi ya leƙa littafin ɗalibin da ke gefensa, ya nuna wani hoto a ciki.

"Samari, wannan mutum ne ko inji?"

"Mutumin ƙarfe ne, Baba, a ƙagaggen labari. Yana tunani, yana noma, ba ya gajiya."

"Yana cin tuwon gayya?"

"Ba ya cin komai. Shi kaɗai zai nome gonarka."

"Ikon Allah! To in ban kira gayya ba, wa zai tako gidana? Ɗana na Kaduna ma sai ranar nake ganinsa."

Ɗalibin ya rufe littafin. "Tamu gayyar jibi ce. Na ce musu ina da jarrabawa."

"Kana da ita?"

Ɗalibin ya cusa littafin cikin jaka.

"To, sai ka aika wa babanka na ƙarfen."