Tsinken Oga Istifanus

Akuya biyu Inna ta sayar ta ba ni kuɗin tafiya. Ko uku ne? A'a, biyu ne, ta ukun ta mutu da damina. Matso nan, Hadiza, muryata ba ta kaiwa nesa yanzu. Da kuɗin nan na tafi birni na sauka Kakuri, na sayi tsohon keke, sauran mai gidan haya ya karɓe tun ban ajiye buhun littattafaina ba.

Na je da niyyar shiga masaƙa, sai na tarar ana rage ma'aikata. Wani Bitrus, mutumin Kagoro, maƙwabcina a gidan haya, shi ya kai ni wurin Oga Istifanus mai ofishin aike. Wasiƙu muke kaiwa, da ƙunshin magani, da takardun 'yan kasuwa. Mu uku ne: ni, da Bitrus, da wani dogo ɗan Binuwai wanda sunansa ya ɓace mini.

Oga yana da taswira a bango da tsinken tsintsiya guda a aljihun tebur. In saƙo ya zo, sai ya ɗora gindin tsinken a kan Kakuri ya juya shi. Inda tsinke ya kai, wai shi ne "insai", ladanmu sule uku. Inda bai kai ba, "awusai", sule takwas. Na yi mako biyu ina zaton sunayen unguwanni ne, ashe Turancin ciki da waje ne.

To tsinken nan dogo ne, jikokina. Har Unguwar Boro yake taɓawa.

"Oga, Unguwar Boro fa sai na yi faci biyu a hanya."

"Malam, ni na ce? Tsinke ne ya ce."

"Ai tsinke ba ya hawan tudu."

"Shi ya sa ba ya ƙorafi."

Faci biyu sule biyu, iska kwabo biyar, ga ƙosai. In na dawo, abin da ya rage ba ya sayen kananzir. Tayar baya ta koma kamar rigar mahaukaci, kuma in keken nan ya mutu, ban san da idon da zan dubi Inna ba.

Wata rana Bitrus ya ja ni gefe. "Malam, kai ne mai karatu. In mutum ya ɗan gutsure bakin tsinke, kaɗan dai, zunubi ne?"

Na gyara hula na ce haramun ne, tauye mudu ne, na yi masa wa'azi har ya sunkuyar da kai. Washegari Oga ya zaga bayan gida, ni kaɗai a ofis. Allah ya yafe mini, da farce na yi.

Ranar Litinin Unguwar Boro ta zama awusai. Oga ya auna sau uku, ya ce, "Garin nan yana ƙara faɗi." Na ce ai mutane ne suke ta zuwa. Na sayi sabuwar taya.

Abin da ban sani ba, Bitrus bai ji wa'azina ba, dogon nan ma yana da farce. Kowa yana zaton shi kaɗai ne. Barnawa ta fita. Nasarawa, da muke jin kiran sallarta daga ofis, ita ma ta fita. Ni kuwa ina cewa albarka ce.

Sai ranar da Oga zai aika wa mai ɗinki a Makera, nan kusa da mu. Ya ciro tsinke, bai fi ashana ba. Ya dube shi, ya dube mu. Bai yi faɗa ba, mutumin kirki ne. Ya fita waje kawai, ya zaro kara guda daga dangar maƙwabci, ya ɗora a taswira. Karan ya wuce takardar har ya taɓa agogon bango.

"Daga yau," in ji shi, "Kaciya ma insai ce."

Wata biyu na jure a kan sule uku, har sirdin keke ya saɓule mini mazaunai. Keken ya ƙare, wani mai walda ya saya don ƙarfen, kuɗin ya ishe ni mota daidai. Bitrus ya raka ni tasha yana dariya har da hawaye. "Malam, ashe wa'azin na mutum ɗaya ne."

Da na iso gida Inna ba ta tambaye ni akuyoyinta ba, Allah ya jiƙanta. Ta dai tambayi ƙanwata ko wata sabuwar al'adar birni ce ta sa nake cin tuwo a tsaye.