Siti na Uku

A rumfar mai gyaran babur, wani mai tumbi yana jiran a sauya masa siti, wani dattijo siriri kuma yana zaune a ƙarshen benci, babur ɗinsa a gefensa.

"Na uku ke nan cikin wata biyu, Baba," in ji mai tumbi. "Tafiyar minti ashirin, sai in ji bayana kamar an daka ni a turmi."

"Hau in gani," in ji dattijon.

Ya hau, ya baje.

"Ka ɗora tumbi a kan tanki, ka sandare hannuwa, ka ƙudundune kamar mai jin sanyi. Miƙe bayanka, saki kafaɗa, matse tankin da gwiwa."

"Ai numfashina sai ya ɗauke."

"Yaushe rabonka da tafiya a ƙasa?"

"Ko shagon bakin layi da babur nake zuwa." Ya sosa ƙeya. "Matata ma cewa take yi tumbin ne. Amma ni dai na san sitin ne. Kai naka ba ya damunka?"

Dattijon ya shafa sitin babur ɗinsa yana murmushi.

"Ko kaɗan, ɗana. Wanda ka yar wancan watan ne. Wannan ɗin ma shi nake jira, ƙanena yana so."