Ramukan da Na Sara Babu Iri

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, ƴan'uwa. Ni ce Saratu, daga wani ƙauye kusa da Korgom. Sai da na yi jika na koyi rubutu a ajin manya, kuma wannan da hannuna na rubuta shi. Mai son shaida mai daɗi shi jira ta wani.

Bayan an samu mulkin kai, gyaɗa ta hau kan mazanmu. Maigidana Bawa ya maida gandu duka gyaɗa, hatsi sai ɗan gefe. Na ce mishi, "Da gyaɗa za mu tuƙa tuwo?" Ya ce mace ba ta san kasuwa ba. Sai ga shekarun da ruwa ya ɗauke. Ya tahi Najeriya neman abinci, har yau ban ga ƙeyarshi ba.

Ya bar ni da ɗiya biyu, Ayuba da Rahila, da tulu guda na irin gyaɗa wanda na liƙe bakinshi da laka. Kun san al'adarmu, ba a cin iri. Munka ci dusa, munka ci anza, ɗiyan itacen daji masu ɗaci, har bakinmu ya mutu. Rahila ta kwanta, ban fasa tulun ba. Na ce damina na tahe. Rahila ba ta ga daminar ba.

Daga nan na bar zuwa sujada. In an ce Allah mai ƙauna ne, sai in tofa miyau.

Ana cikin haka wata Buzuwa ta tsaya ƙofata, cikin mutanen arewa da bisashensu sunka ƙare. Ba ta jin Hausa. Ta kwance goyonta ta nuna mini. Wayyo! Wuyan yaron kamar kara.

Na shige ɗaki na durƙusa, ba don ladabi ba, don faɗa. Na ce, "Ubangiji, ka ɗauke tawa, yanzu ka aiko mini na wata? In na ba ta irin nan, mi Ayuba za shi ci baɗi? Amsa mini!" Numfashin yaron kawai nike ji ta zana. Na ce, "To, Ayuba naka ne, ka san yadda za ka yi da shi." Na ɗauki taɓarya na fasa tulun.

Na dama wa yaron kunu. Matar ta zauna wurina, mu huɗu muna ci, har gyaɗar ta ƙare ƙaf. Yaron ya fara zama da kanshi, sunka wuce kudu. Ban sake jin labarinsu ba.

Da ruwan shuka ya sauka, gari duka ya watse gona. Ni ba ni da ko ƙwara. Zama ya gagare ni, na saɓi sungumin Bawa na tahi ina saran ramuka, layi bayan layi, babu mai bi na da iri. Kuka nike ina sara. Na ɗauka hankalina ne ya tahi.

Malam Sha'aibu, maƙwabcin gonarmu, Musulmi ne, tun da na bi Yesu bai ƙara amsa gaisuwata ba. Ya tsaya bakin iyaka ya ce, "Ke uwar Ayuba, mi kike shukawa?"

Na ce, "Ramuka, Malam. Ba ka da ido?"

Na ci gaba da sara, ban ɗaga kai ba. Da na kai ƙarshen gona na juyo, sai ga matan Malam biyu a bayana da ƙoƙon hatsi, suna zubawa suna rufewa da diddige. Babbar ta ce, "Yi ta sara, malama, kina tsai da mu."

Hatsin bai yi yawa ba, kada in yi muku ƙarya. Amma Ayuba ya ci, ya rayu, shi ne mahaifin jikokina.

Allah bai maido mini Rahila ba. Har gobe ina tambayar shi don mi ban fasa tulun nan da wuri ba, kuma bai ba ni amsa ba. Duk da haka na gode mishi, da wannan baki nawa mai ɗaci. Ku da ke jiran rumbu shi cika kahin ku bayar, ku bar jira. Mai yunwa ba ya kai kaka. Ku ba shi yau, gobenku ku bar wa Yesu. Amin.