Jif Ɗin Ungozoma da Dokar Shiru

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu ta makanikai da mataimakansa, dattawan sana'a waɗanda muka tarar da sifana a hannunsu, 'yan'uwanmu masu wayarin, masu walda da masu fenti, direbobi waɗanda ɓarnarsu ke ciyar da mu, iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa, da sauran jama'ar da suka rufe shagunansu suka zo, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mini rai na cika shekara arba'in da ɗaya a bakin inji, yatsuna goma cif, ko da yake biyu sun ɗan karkace. Ina godiya ga ƙungiya da ta karrama ni da wannan allo mai ƙyalli, wanda aka rubuta "Kunne" a kansa da manyan baƙaƙe. Ina godiya ga uwar 'ya'yana, wadda ta kwashe shekaru tana wanke baƙin mai daga rigunana. Ba zan ce ba ta yi mita ba, don tana nan zaune tana kallona, amma dai ta wanke.

Shugaba ya ce kada na tsaya a godiya, na bar wa masu tasowa wani abu. Na zaɓi na yi magana a kan silo, wato yadda inji ke aiki idan mota tana tsaye ba a taka totur ba. Kowa a nan ya san ciwon. Ka tsaya a mahaɗa, ƙafarka ba ta kan komai sai birki, amma allurar da ke nuna gudun inji ta hau, ta sauko, ta sake hawa, inji yana gurnani yana lafawa kamar mai minshari. A babbar jif abin ya fi ban tsoro, domin idan ta yi wannan yunƙurin tana cikin giya, sai ka ji kamar za ta ƙwace ta hau motar gaba.

Na farko, ku tambayi mai mota kafin ku taɓa bonet. Da safe take yi ko sai ta yi zafi? Idan an kunna esi mai sanyaya mota ne, ko idan an taka birki? Mai mota bai san sunan komai ba, amma shi ke wuni da ita.

Na biyu, ku nemi iska kafin ku zargi mai. Injin yanzu yana auna iskar da ta shiga, sannan ya ba ta mai daidai da ita. Idan wata iska ta saci hanya ta wata tsaga, ba a auna ta ba, sai lissafi ya rikice: inji ya ƙara mai, ya ga ya yi yawa, ya rage, ya ga ya yi kaɗan, ya ƙara. Wannan kai-komon shi ne hawa da saukar allura. Sai kun tabbatar babu ɓarauniyar iska, sannan ku wanke bakin totur, ku duba filta, ku duba fulogi, ku zo kan famfon mai.

Na uku, kwamfutar da muke jonawa tana da amfani, ban raina ta ba. Amma ku sani, sunan mai kuka take faɗa muku, ba sunan wanda ya yi dukan ba. Ta ce sensa kaza yana ƙorafi, sai ku nemi abin da ya sa shi ƙorafin, kada ku cire shi ku jefar.

Na huɗu shi ne ya fi tsawo, domin ba a littafi na koye shi ba, kuma ban taɓa faɗarsa a bainar jama'a ba sai yau.

Kun san yadda na samu wannan suna. Ina da doguwar sukundireba, na ɗora bakinta a jikin inji, na kara mariƙinta a kunnena, na gaya maka abin da ke damun motarka. A garejinmu kuma akwai doka, wadda ni na kafa ta, na kuma yi alfahari da ita shekara talatin: idan na sunkuya a kan inji, a kashe rediyo, a ajiye guduma, kowa ya yi tsit. Babu mai buɗe baki har sai na ɗago na yanke hukunci, idan kuwa na yanke, ya yanku. Direbobi har daga nesa suke zuwa don kallon wannan shirun.

To, bara wata baiwar Allah ta kawo mana farar jif. Ungozoma ce, tana zagaya ƙauyuka a cikinta, bayan motar cike da akwatunan magani. Ta ce, "Baba, motar nan ta koyi rawa. In na tsaya sai ta riƙa zabura, jiya saura ƙiris na ture mai keke." Aka yi tsit, na sunkuya, na saurara, na ɗago na ce fulogi ne. Aka canja fulogi. Bayan kwana biyu sai ga ta. Na sunkuya, na ɗago, na ce bakin totur ya yi datti. Aka wanke shi tas har kana iya ganin fuskarka. Bayan kwana uku sai ga ta. Na ce famfon mai ne ya gaji. Aka sa sabo. Jama'a, ko mako ba a rufa ba, na ɗaga kai na hango farar jif tana shigowa, tana rawarta.

Ba zan ɓoye muku ba. A rayuwata mota ba ta taɓa dawo mini sau uku a kan ciwo ɗaya ba. Masu shagunan da ke kewaye suka fara leƙowa, kowa yana yi kamar wani abu ya zo ara. Na san abin da za a faɗa a bakin mai shayi: Kunne ya tsufa. Na ɗauki sukundirebata, aka kashe rediyo, aka yi tsit. Na saurari gaba, na saurari baya, ban ji komai ba sai bugun inji mai lafiya. Na riga na shirya abin da zan ce idan na ɗago, wato a buɗe kan inji. Kun san ma'anar wannan: mota ta kwanta mako biyu, matan ƙauye su rasa mai zuwa musu, a kuma farke injin da bai yi laifin komai ba.

Ita kuwa baiwar Allah ba ta san dokarmu ba, babu wanda ya taɓa gaya mata. Cikin wannan shirun da ko tari ba a yi, sai na ji ta ce da ƙarfi, "Baba, wai shi wannan tsss ɗin, dama haka kowace mota take yi?"

Na ɗago na ce, "Wane tsss?"

Ta ce, "Ga shi nan, kamar ana sace iskar taya. Tun ranar farko nake jin sa in an buɗe bonet."

Na juya wajen ƙanena Dogo. Ga shi can a layi na biyu, ya fara sunkuyar da kai tun yanzu. Shekara ashirin da shida muna aiki tare, furfurarsa ta kusa kamo tawa. Na ce, "Dogo, kana jin wani abu?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Ina ji, Yaya." Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce, "Tun zuwanta na farko." Na ce, "Me ya hana ka magana?" Ya ce, "Yaya, na ɗauka ka ji, ka auna, ka ga ba shi ba ne. Abin da ni na ji daga nan, ta yaya zan ce kai ba ka ji ba?" Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Mutum shida, dukansu magidanta, dukansu ƙwararru, dukansu sun ji, kuma kowa ya yi shiru saboda girmana.

Dogo ya miƙa hannu bayan inji, ya laluba, ya matse wani ɗan tiyon roba da bai fi kaurin yatsa ba. Nan take allura ta sauko ta zauna, inji ya koma numfashi ɗaya. Tiyon ya tsage ne ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, idan ya yi zafi sai tsagar ta buɗe ta riƙa zuƙar iska. Aikin minti biyar ne. Muka mayar mata da tsohon famfonta, tunda lafiyarsa ƙalau.

Na ji kunya ranar, kunyar da ban taɓa ji ba. Na koma gida na ba uwar 'ya'yana labari, ina jiran ta lallashe ni. Ta ce, "Malam, shekara biyu ke nan ina gaya maka rediyonka ya ishi unguwa. Sallama uku nake yi kafin ka amsa, kana cewa ni ce ba na ɗaga murya." Washegari ita da kanta ta raka ni asibiti. Likita ya gwada ni ya ce manyan sautuka ina jin su sarai, amma siraran sun tafi, guduma da gurnanin inji na shekara arba'in sun cinye su. Wato bugun inji ina jin sa, shi ya sa ban zargi kaina ba, amma siririn hucin iska ko a gaban hancina yake ba zan ji ba.

Ku dubi nan, bayan kunnena na dama. Wannan ɗan abin da nake rufewa da hula wata goma sha ɗaya, na'urar ji ce. Yau na ɗaga hular. Da aka ce za a karrama ni da sunan Kunne, na yi tunanin na karɓa na yi shiru, amma na ga shiru ne ya kusa sa na farke injin baiwar Allah, ba zan sake neman taimakonsa ba.

Ku kwantar da hankalinku, ba kuka na zo yi muku ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan shekarar ba. Dokar shiru tana nan, har yanzu ana kashe rediyo, ana ajiye guduma. Abin da ya canja shi ne, idan an gama saurare ba ni ke fara magana ba. Mai mota ke farawa, ya faɗi abin da ya ji da irin kalmominsa, ko da "tsss" ne. Sai kowa ya faɗi nasa, ɗaya bayan ɗaya, ni ne na ƙarshe. Dā da kunne biyu nake aiki, yanzu da goma sha shida, kuma tun daga ranar mota ba ta dawo mana sau biyu a kan ciwo ɗaya ba.

Saboda haka, ya ku dattawan sana'a, ina roƙonku ku duba girman da ake ba ku, kada ya toshe bakin waɗanda ke ƙaunarku. Ya ku masu tasowa, ina roƙonku ku yi ladabi, amma ku faɗi abin da kuka ji. Wanda ya ga babbansa zai yi kuskure ya yi shiru, bai girmama shi ba, ya bar shi ne shi kaɗai.

Dogo, taso. Taso mana, daina noƙewa, jama'a na jira. Allon nan ni zan rataye shi, don na sha wuya kafin na same shi. Amma sukundirebar taka ce daga yau, karɓi. Sharaɗi ɗaya na gindaya maka: ranar da ka sunkuya ka ɗago ba ka ji komai ba, ka juya ka tambayi na bayanka.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya tsare yatsunmu da idanunmu da kunnuwanmu. Allah ya jiƙan waɗanda suka koya mana, ya raya waɗanda muke koya wa. Allah ya kiyaye Ungozoma a kan hanyoyinta, ita da duk wanda ya hau motar da ta fito daga hannunmu. Allah ya ba mu masu gaya mana gaskiya, ya ba mu ikon jin ta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Idan za ku tafa, ku tafa da ƙarfi, yanzu ina ji.

Na gode.