Mutum Shida a Kan Gada

Mai girma wakilinmu a majalisa, mai shari'a babban alƙali, shugaban jami'an kan iyaka, malam liman, Hajiya uwargidan marigayi da 'ya'yanta, sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ban san wanda ya ce a miƙo mini lasifika ba. Ga masu digiri a jere, aka tsallake su aka ɗauko tela wanda ya rabu da makaranta tun aji huɗu, ta huta na huta. Sai dai shagona da ofishin marigayi Lauya bango ɗaya ne, bangon kuma ba kauri. Duk dokar da na sani, ta cikinsa na ji ta.

Ya kasance mai yaga riga. Hammatar rigarsa ta kotu na ɗinke ta har na gaji, don in yana magana hannu yake ɗagawa kamar mai korar tsuntsu a gona. Ya kasance in rana ta take sai ya buga bango, wato kwano ya iso, in taho. Ni ina cin nama, shi yana yi mini bayanin tsarin mulki, kowa da rabonsa.

Baƙin da ke cikinmu, ga abin da ya same mu. Garinmu yana wannan gaɓar kogi, maƙabartarmu tana waccan, tun kafin a ce kogin ya zama iyaka. Da 'yan bindiga suka fara tsallakowa, gwamnatocin biyu suka rufe gada. Ba mu ga laifinsu ba, mu aka kashe wa mutane. Autana yana cikinsu, yana daga cikin na ƙarshe da muka kai can kafin a sa shinge. Amma wanda ya rubuta dokar bai tambayi inda muke kai matattunmu ba. Muka koma haƙa rami a bayan tashar mota.

Lauya ya shigar da ƙara, aka kore ta. Ya ɗaukaka, aka ce maganar tsaro ce. Ya yi ta sintiri a majalisa har masu gadi suka san tarinsa. Na ce, "Lauya, ka haƙura mana, matattu ba sa jefa ƙuri'a." Ya ce, "Kai da kake da rai, yaushe rabonka da jefawa? Ci abinci."

Ya kasance ba ya gajiya da zama, har sai da ya zaunar da wakilan ƙasashen biyu a teburi ɗaya. Suka yarda gawa ta tsallaka, tare da mutum shida masu ɗauka, 'yan'uwa na jini, bayan an caje su. Ziyarar kabari kuwa aka ce sai gaba. Gari ya yi ta murna. Shi ya shigo shagona ya zauna a kan tarin yadi, ya ce, "Tela, na samo wa matattu hanya, na baro ka a baya."

Da ajali ya zo masa, shidan suka cika da 'ya'yansa da ƙannensa. Na bi su har bakin gada. Wani soja, sa'an autana, ya ce, "Baba, kai mene ne nasa?" Na ce telansa ne. Ya ce, "Babu tela a doka." Yaron bai yi ƙarya ba, har kujera ya ba ni. Na zauna ina kallon makara tana ƙanƙancewa. Shekarun da muka yi muna cin kwano ɗaya, ashe miya ba ta zama jini. Na roƙi babban ɗansa ya dubo mini kabarin yarona. Ya dawo ya ce, "Kawu, ban gane shi ba, ciyawa ta rufe wurin."

Yanzu in rana ta take, nakan tsayar da keken ɗinki in kasa kunne. Sai in tuna, in ci gaba da ɗinki.

Hajiya, ki yi haƙuri, mu muka cinye miki rabin mijinki, kotu ta ci sauran. Ku kuma yara, in za ku ba da ofishin nan haya, don Allah ban da mai injin niƙa.

Mai girma wakili, ragowar aikinsa tana gabanku a majalisa. Ba mu ce a cire shinge ba. A caje mu, a ƙirga mu, a haɗa mu da soja gaba da baya. Ni dai gadar nan zan tsallake ta, Lauya ya riga ya gama mini wannan: a kwance, a kafaɗar mutum shida. Roƙona a bar ni in je sau ɗaya da ƙafata, in cire wa yarona ciyawa, in yi wa abokina sallama, in dawo.

Na gode da kuka jure wa surutun tela. Allah Ya jiƙan Lauya, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba iyalinsa dangana, Ya kwantar da hankalin gaɓa biyun nan. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.