Gishirin Tekun Ikko

A tashar Jega, ana jiran motar Aliero ta cika, wani dattijo ya dubi bandejin ƙafar Tamu mai albasa.

"Ɗana, mi ya same ka?"

"Ƙusa ta yanke ni a Ikko, Baba. Na ce gishiri muke sa ma ciwo, ga teku cike da shi. Sai na shiga."

"Ai ka yi dabara!"

"Dabara? Ƙafa ta yi kamar tulu! Likita ya ce ƙwayoyin cuta ke son ruwan nan mai ɗumi. Saura kaɗan a yanke ta."

Dattijo ya dubi nasa ɗaurarren yatsan, ya tura wata jarka ƙarƙashin benci.

"Mi ke ciki, Baba?"

"Tsarabar surukina ce daga tekun Ikko. Ni dama ban yarda da yaron nan ba."